Dal ɗina na yoyo, na shafa Flintkote sau biyu a banza

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa. Gidan a unguwar Karkada ta Damagaram yake. An zuba dal ɗin, wato rufin kankare, shekara 6 da suka wuce, cikin zafin Afrilu, lokacin ruwa sai na ƴan garuwa, shi ya sa kwana 3 kawai aka yi ana ba shi ruwa. Bara ya soma ɗiga a kusurwar falo. Na shafa Flintkote, baƙin shafin kwalta na hana yoyo, yanzu ya yi bororo yana ɓarewa, daga ciki kuma siminti ya faɗo, ga ƙarfe nan ja. Damina ta ƙarato. Me zan shafa?

Maso (magini) daga Zengo: Wa alaikumus salam Alhaji. Ajiye maganar shafi tukuna. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, shi ke turo simintin. A sassaƙe har bayan ƙarfen, inda yatsa zai shige, a goge da buroshin waya sai ya yi haske. A dama siminti da Sikalatex (ruwan da ke sa sabon siminti ya kama tsoho) kashi 1, ruwa kashi 2, a shafa, a liƙe da kwaɓi tun bai bushe ba. Ƙarfen ya samu rufin santimita 3. A sama a kankare baƙin nan duka, a yi gangare santimita 2 a kowace mita zuwa indararo. In ya bushe, manna leda ta kwana. Ka ga raɓa a ƙarƙashinta, kada ka shafa komai. Bororonka daga nan ya fito. Sai paxalu, shimfiɗar kwalta mai fuskar alminiyam, a manna da wuta, haɗi ya hau juna santimita 10, ya hau bango 15.

Mai fenti: Paxalu a ranar Damagaram? Yaran yanzu ƙona shi suke da wuta, su karɓi kuɗi su kashe waya. Farin shafi na roba ya fi, hannu 3, da ƙyallen ƙarfafawa a kan tsaga. Har zafin ɗaki yake ragewa.

Maso daga Zengo: Farin naka ba ya jure ruwan da ya kwanta, ƙanena.

Wata ƴar uwa: Yaya, ka leƙa indararon kuwa? Galibi leda ce da rairayi suka toshe shi.

Mai tambaya: Da hunturu na shafa, dal ɗin a bushe yake ƙayau. Gangaren nan kuma ya fi ƙarfin aljihuna bana. Ba a ɗora farin a kan Flintkote ɗin?

Maso daga Zengo: Ba ya kamawa a kan abin da ke ɓarewa. Mita nawa ne faɗin dal ɗin ma?

Mai tambaya: Mai kanti dai ya ce in ƙara hannu na uku.