Shago ɗaya, farashi biyu: shawarwarin da aka bayar a Agege

Ranar Lahadi bayan La'asar muka zauna a Agege da ke Legas, yawancinmu masu saro atamfa daga kasuwar Balogun, muka tattauna yadda shagon intanet zai ɗauki 'yan sari da masu sayen ɗai-ɗai.

Abin da aka fi nanatawa: kada farashin sari ya fito fili. Mai sayen turmi ɗaya in ya hango kuɗin dila, gani zai yi ka cuce shi. Wani Alhaji ya nuna mana a wayarsa yadda ya ware wa 'yan sari rukuni a WooCommerce, manhajar kafa shagon intanet: mutum ya yi rajista, Alhajin ya amince da shi, sannan farashin ya canja masa. Wannan sai an ƙara wata manhaja, ba haka yake zuwa ba.

Aka ce a kafa ƙa'ida, misali daga turmi 10 ne sari ya fara. Lissafin kaya kuwa ya zama guda, kada a sayar da abin da ya riga ya ƙare.

Ni shawarar wata Hajiya ta fi kama ni: mai sayen ɗai-ɗai manyan hotuna yake so, ɗan sari kuwa jeri kawai, lamba da launi da farashi, ya danna ya wuce, don lodin motar Kano ba ya jira.