Ɗakin karɓar kiran gaggawa a Zariya: oba-oba ko wayar salula?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Idan ana son ɗaki ɗaya da zai karɓi kiran gobara da haɗarin mota, ya tura 'yan kwana-kwana, motar asibiti da 'yan sintiri tun daga Birni har Shika, daga ina ake farawa? Wasu na cewa tunda ga lambar gaggawa 112 ga wayar salula, oba-oba (rediyon magana) ɓarnar kuɗi ce.

Injiniya Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɓarna ba ce. Da 112 jama'a ke kiran hukuma, da oba-oba kuma ɗakin ke magana da mutanensa, kowa ya ji lokaci guda ko da sabis ya ɗauke. Oba-oba ta hannu wat 5 ce, cikin gine-ginen Sabon Gari 'yan kilomita kawai take kaiwa. Dole a sa rifita, wato na'urar da ke karɓar maganar oba-oba ta sake watsa ta nesa, mai wat 25 zuwa 50 a wuri mai tsayi, kan hasumiya ko tudu irin na Kufena. A zaɓi zangon rediyo na VHF, wato 136 zuwa 174 MHz, kuma a karɓi lasisin amfani da zangon daga gwamnatin tarayya kafin a sayi ko da eriya.

Inda aka fi yin asara wayar eriya ce. Waya samfurin RG-58 mai tsawon mita 30 tana cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin rifita. Samfurin LMR-400 kuwa a wannan tsawon kusan kashi 30 cikin 100 take ci. A naɗe mahaɗin da tef mai hana ruwa, a sa makarin tsawa da sandar tagulla a ƙasa, in ba haka ba aradun farkon damina zai ƙona komai.

Mai Sola Kwangila:
Injiniya ya faɗi gaskiya, saura wuta. Rifita na jan kamar amp 1 a zaune, 8 idan tana magana. In ta yi magana awa 4 a rana, wajen 52Ah (ma'aunin cajin batir) ke nan a rana. Batir mai 200Ah rabinsa ake ci, zai riƙe kusan kwana biyu. A haɗa shi da farantin sola mai wat 300, a riƙa goge ƙura da hunturu.

Hajiya Kofar Doka:
Malam, kada kaya su ɗauke maka hankali daga mai ɗaga waya. Kujera ɗaya ta awa 24 tana bukatar mutum biyar saboda canjin aiki da hutu, kuma su zama masu jin Hausa da Turanci. Tambayar farko ita ce "ina ne?", sai lambar mai kira, sannan abin da ya faru, don layi kan yanke. Gidajen Birni da yawa ba lamba, saboda haka a zauna da masu unguwa a rubuta sunayen lunguna, masallatai da ƙofar da ta fi kusa, Kuyambana ce ko Gayan, da lungun da motar kwana-kwana ba ta shiga. Layin ɗakin ya zama biyu, na kamfanoni daban-daban. Kowane kira a rubuta lokacin shigarsa, lokacin tashin mota da lokacin isarta.