Allo ɗaya tak za a kawo mini: wanne zai ɗauke ni hunturu da damina a Busua?

ƊanZango_Takoradi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu hawan igiyar ruwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ɗan ƙure mini.

Yayana yana zaune a Fotugal, zai zo gida kafin azumi, ya ce zai taho mini da gajeren allon hawan igiyar ruwa guda ɗaya. Ɗaya tak, don kuɗin da kamfanonin jirgi ke karɓa a kan allo ba wasa ba ne, kuma ba kowace shekara yake zuwa ba. A nan babu shagon da mutum zai shiga ya ɗaga wannan ya ajiye wancan. Abin da baƙi suka bari in za su koma, shi muke saye. Duk abin da na ce a sayo, da shi zan zauna shekaru.

Nauyina kilo 72, tsayina ƙafa 5 da inci 9. Yanzu ina kan wani allo 6'6" (tsayin ƙafa 6 da inci 6) mai faɗin hanci, girman jikinsa kusan lita 40. Ina bin igiya dama da hagu, ina juyawa a ƙasa in hau sama in dawo. Abin da ya ishe ni shi ne, in ruwa ya girma allon ba ya nutsewa ƙarƙashin igiya, kumfa ta kwashe ni ta mayar da ni bakin gaɓa.

A Busua nake hawa, bakin teku a Ghana. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga tudu zuwa teku, fuskar ruwa sumul gwanin sha'awa, amma igiyar daga gwiwa ce zuwa ƙugu, ba ta da ƙarfin turawa. Daga Mayu zuwa Agusta kuwa, in manyan igiyoyin kudancin Atilantika suka iso, tana kai tsayin mutum har ta wuce. Lokacin ne nake son in riƙa zuwa Black Mamba, wajen duwatsun nan na hanyar Dixcove.

Yayana ya ga alluna samfurin Hypto Krypto, da Pyzel Phantom, da Lost Quiver Killer, duk na hannu, a garin Ericeira na Fotugal. Wanne zan ce masa? Lita nawa? Na epoksi ko na PU, wato nau'ikan soso da rufi biyu da ake ƙera allo da su? Allah ya saka da alheri.

Bakano_a_Agadir:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da kake nema kamar riga ɗaya ce ta zuwa gona da zuwa Idi. Ana samu, amma sai ka yarda tun yanzu cewa a ranar da ruwa ya fi kowace ƙanƙanta da ranar da ya fi kowace girma, allon zai gaza. Tsakiyar ce taka, kuma tsakiyar tana da faɗi.

Fara da lita, amma kada ka tsaya a kanta. Lissafin da aka saba yi shi ne a ninka nauyin mutum da 0.35 in ƙwararre ne, da 0.40 zuwa sama in yana tsaka-tsaki. Kai ka faɗa wajen 29 zuwa 31. Tunda daga 40 za ka sauko, ni 31 ko 32 zan ce maka. Na ga samari da yawa a Taghazout, nan Maroko, sun yi tsalle daga babban allo zuwa lita 27 saboda abin da suke gani a bidiyo, suka wuni suna tuƙi da hannu a gaɓar Panorama, igiya na wucewa ta ƙarƙashinsu.

To ga inda lita ke yaudara. Ɗauki alluna uku: 5'6" mai faɗin inci 20 da rabi, 5'11" mai faɗin 19 da uku bisa huɗu, da 6'1" mai faɗin 19 da rabi, duk kaurin inci 2 da rabi. Dukkansu suna kewayen lita 31, amma ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan. Na farko zai yi gudu a igiyar gwiwa, ya riƙa zamewa in ta kai tsayin kai. Na ƙarshe zai riƙe fuskar babbar igiya, ya mutu murus a ƙarama. Abin da ya raba su shi ne lanƙwasar allon daga hanci zuwa wutsiya, da siffar wutsiyar.

Allo mai shimfiɗaɗɗen ciki yana kama igiya da wuri, yana ratsa wurin da igiyar ta yi rauni ba tare da ya tsaya ba. Amma in igiyar ta miƙe tsaye, hancinsa yana caka ruwa. Mai lanƙwasa sosai yana shiga cikin kwarmin igiya daidai, sai dai yana tura ruwa a gabansa in babu ƙarfi. Kai kana son gaba mai ɗan shimfiɗa, baya mai ɗan lanƙwasa. Wutsiya kuma zagayayya, domin faffaɗar wutsiya tana ɗaga ka a ƙaramin ruwa, amma da gudu ya yi yawa sai ta fara tsalle, ka kasa danna gefe. Zagayayya tana nutsa gefen cikin ruwa ta riƙe.

Cikin ukun da ka lissafa, Quiver Killer a 5'11" ko 6'0" zan ɗauka. Hypto Krypto yana kama igiya da sauƙi ƙwarai saboda kaurin da ke ƙarƙashin ƙirji, kuma wutsiyarsa tana riƙewa, amma yana son dogon layi, ba ya son juyi mai kaifi a saman igiya. In yayanka ya ce ya ga Ghost, wani allon na Pyzel, da araha, ka yi hattara. Da shi John John Florence ya ci gasar Margaret River a 2017, kowa ya so shi tun daga nan, amma don igiya mai ƙarfi aka yi shi. Phantom ne ɗan'uwansa na yau da kullum.

Iliya_TarkwaBay:

Yaya Bakano ya yi bayani, amma ni ban yarda da tsakiyar nan ba. Ka karkata wajen babba.

Dalilina: in allo ya gaza maka a igiyar hunturu, gajiya kawai za ka yi, ka fito ka sha ruwan kwakwa. In ya gaza a Black Mamba, dutse ne a ƙarƙashinka. Mu nan Legas, cikin Tarkwa Bay igiyar tana bugun katangar duwatsun tashar jiragen ruwa ta dawo ta haɗu da ta bayanta, sai ta miƙe farat ɗaya. Ɗaya gefen kuma, Lighthouse, ruwan ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Damina ta wuce na ga wani yaro da 5'6" mai faɗin wutsiya a can. Tuƙinsa lafiya, tashinsa lafiya, amma yana kaiwa ƙasa ya danna gefe, fikafikan suka saki ruwa, allon ya fice daga ƙarƙashinsa a kwance. Ba laifin ƙafarsa ba ne.

Inci biyu ko uku na ƙarin tsayi su ne ke sa ka shiga igiya tun ba ta miƙe ba. 6'1" nake ba ka shawara, ba 5'11" ba. Kuma ka duba tazarar igiya, wato daƙiƙun da ke tsakanin igiya da ta bayanta, a manhajar hasashe, ba tsayi kaɗai ba. Mita ɗaya mai tazarar daƙiƙa 8 da mita ɗaya mai tazarar daƙiƙa 15 ba dangi ba ne, ta biyun tana zuwa da ruwa mai yawa a bayanta.

Sannan ai kana da 6'6" ɗinka. Me zai hana ka bar shi don hunturu?

ƊanZango_Takoradi:

Na gode ƙwarai. Malam Iliya, da zai yiwu da haka zan yi. Allon ya sha ruwa ta wajen wutsiya tun kafin ya zo hannuna, samansa ya ɗaga daga soson ciki daidai inda ƙafar baya ke tsayawa, in ka danna sai ka ji yana lotsawa. Mai gyara ya ce ba zai ga wani hunturun ba. Shi ya sa nake cewa ɗaya.

Hajara_Ngor:

Sannunku. Ɗan'uwa, tunda haka ne, ni ina bayan Malam Bakano, amma 6'0" don a raba gardama. Kwanakin ƙaramin ruwa sun fi yawa a shekararka, kuma su ne kwanakin da ake koyo.

Abin da ba a taɓo sosai ba shi ne fikafikan ƙasan allo, kuma nan ne allo ɗaya ke zama biyu. Ka tabbata yana da ramuka biyar a ƙasa. Ranar ƙaramin ruwa ka sa huɗu: babu na tsakiya da zai ja ka baya, allon yana samun gudu da kansa. Ranar babba ka koma uku, ka fi sanin inda wutsiyarka take. Tsarin ukun nan Simon Anderson na Ostareliya ne ya fito da shi a 1980, a 1981 ya ci gasa da shi a manyan igiyoyin Bells Beach, ya ci a Sidni, ya rufe shekara da cin gasar Pipeline. Tun daga lokacin bai bar hannun mutane ba. A nauyinka matsakaitan fikafikai za ka sa, na samfurin FCS II an yi su ne don kilo 65 zuwa 80. Ka lura, ramin FCS II da na Futures ba sa karɓar na juna. Ka leƙa ka ga wanne ya fi yawa a hannun mutanen Busua, don ranar da ɗaya ya karye a dutse, wurinsu za ka nema.

Batun epoksi ko PU, tambayi mai gyaranka tukuna. Epoksi ya fi sauƙin nauyi, ya fi yawo a saman ruwa, zai taimake ka a hunturu. Amma in aka zuba masa ruwan gyaran PU, farin soson cikinsa narkewa yake yi nan take. Na ga an yi wa wata ƙawata haka a nan Dakar, ƙaramar ɓula ta zama rami mai shiga hannu. Kuma ba ya son zafi: awa biyu a saman mota cikin rana sun isa su kumbura shi. In mai gyaran ba shi da ruwan epoksi, ɗauki PU, ka nemi mai rufin zaren gilashi biyu a sama, na oza 6 da na oza 4. Na oza 4 da 4 ya fi sauƙi a hannu amma yana saurin lotsawa.

Zuwa da kai ya fi aike, to tunda aike ne, ka sa yayanka ya ɗauko maka hoton rubutun da ke jikin katakon tsakiya ta ƙasa, nan maƙerin ke rubuta tsayi da faɗi da kauri, sau da yawa har da lita. Ya bi saman allon da babban yatsa yana dannawa. Ya ɗaga shi a haske ya duba ko akwai layin da ya ratsa shi a kwance, don wanda ya taɓa karyewa aka ɗinke ba ya komawa daidai. Ya girgiza kowane fiffike a raminsa.

Bakano_a_Agadir:

Hajara ta gama magana, 6'0" ɗin ma na yarda. Ƙari ɗaya: kakin hana santsi da ke kan allon na ruwan sanyin Fotugal ne, a ruwanku narkewa zai yi ya zama santsi. A kankare shi tas kafin a sa a jaka, ya sayo maka na ƙasashen zafi da yawa. Ya haɗo da maɗaurin ƙafa biyu masu tsayin ƙafa 6, ɗaya mai kaurin milimita 7 don damina. Hanci da wutsiya a naɗe su da kwali da tawul, nan ne masu lodin jirgi suka fi fasawa.

ƊanZango_Takoradi:

Madalla, Allah ya bar zumunci. Na je wurin mai gyara da yamma, ruwan PU kaɗai gare shi, kuma yawancin allunan da ke rataye a rumfarsa FCS II ne. Na tura wa Yaya saƙo: 6'0", lita 31 zuwa 32, zagayayyar wutsiya, ramuka biyar, PU. Ya ce Quiver Killer ɗin da ya gani 5'10" ne, Asabar zai je Peniche ya duba wasu shagunan. In bai samu 6'0" ba, in karɓi 5'10" ɗin ko in ce ya duba Phantom mai tsayin 6'0"? Wutsiyarsa ce kawai ke ba ni tunani.