Masu kunna nod ɗin Bitcoin a Bauchi: kwana nawa naku ya yi kafin ya kamo sahu?

Mai buɗe zance, Yelwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana 19 da na kunna Bitcoin Core, manhajar da ke mayar da kwamfuta nod, wato mai sauke tarihin cinikin Bitcoin duka ya tantance da kansa, a kan tsohuwar kwamfutar tebur ɗin ofishina, har yanzu yana kashi 61 na wannan aiki. Ranar farko har dariya nake yi, don kafin la'asar ya haura bulo 200,000 (bulo shi ne ƙunshin ciniki da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya), na ce ashe abin da ake ta tsorata mu da shi ke nan. Sai daga baya na gane bulon shekarun farko, tun daga na 3 ga Janairun 2009, kusan fanko ne. Da ya shigo 2017 sai ya koma tafiyar hawainiya. Faifaina irin mai juyawa ne, tera 1, RAM giga 8, intanet kuma rauta ce ta layin waya. Don Allah duk wanda ya taɓa kammala wannan aiki a garin nan ya faɗa mana yadda ta kaya, da daɗi da ba daɗi. Labarin mutanen Turai masu wuta dare da rana na karanta har na gaji.

Mai gyaran waya da laftof, Wunti

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka zargi intanet, sa kunne jikin kwamfutar. In ka ji faifan yana ƙarar tsaki ba hutawa, to ga ɓarawonka nan.

Mutane na ɗauka sauke giga 600 da ɗoriya ne wahalar. Saukewar ita ce mai sauƙi. Duk cinikin da ke cikin bulo, sai nod ya buɗe littafinsa na tsabar da ba a kashe ba, wato babban fayil ɗin nan chainstate, ya duba ko kuɗin da ake so a kashe suna nan, ya goge su, ya rubuta sababbi. Karatu ne na tsinci nan tsinci can, sau miliyoyi. Faifai mai juyawa allura gare shi, sai ta tashi ta je wurin. Kamar ka aiki yaro ɗaya ya sayo maka gishiri a Muda Lawal, ya dawo ka ce albasa a Wunti, ya dawo ka ce ya koma Muda Lawal.

Ni sati uku na yi a kan irin faifanka na tsaya a kashi saba'in da wani abu. Na sa SSD, wato faifai mai sauri da ba shi da allura, ɗan giga 256 na hannu, na bar chainstate a kansa, na tura manyan fayilolin bulo kan tsohon faifan da saitin blocksdir. Ragowar ta ƙare cikin kwana huɗu. Ba sai ka sayi SSD mai tera 2 ba, littafin ne kawai ke buƙatar gudu, shi kuwa bai wuce giga goma sha wani abu ba. Ya kumbura ne tun 2023 da aka fara cusa hotuna da tarkace cikin bulo.

Ɗalibar injiniya, Gwallameji

Gaskiyar Yaya ce, amma akwai na kyauta kafin a kai ga sayayya. A manhajar da na sauke, dbcache yana kan mega 450, ma'ana iya abin da nod zai riƙe a RAM ke nan daga littafin kafin ya juye a faifai. Na mayar da shi 4000 a laftof mai giga 8, na rufe burauza da komai. Bambancin a fili yake.

Sai dai ni ce shaidar illarsa. Ana cikin dare batirin inbata ya ƙare, laftof ɗin kuma batirinsa ya daɗe da mutuwa. Da safe na kunna, sai na ga ya koma baya da aikin kusan yini guda, domin duk abin da ke RAM bai sauka faifai ba. Na zauna na yi tagumi kamar wadda aka yi wa rasuwa. Tun daga nan, in na ga hasken inbata ya koma ja, sai in rufe manhajar da hannuna in jira. Takan ɗauki mintuna tana juyewa, kada a yi gajen haƙuri a danne maɓallin kashewa.

Mai POS, Azare

Ku kuna maganar komawa baya, ni nawa rushewa ya yi. Lokacin duhun nan na Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki ba wuta, da janareta nake lallaɓawa. Faifaina na waje ne, ta USB. Inji ya yi tari sau ɗaya, faifan ya fita ya dawo, manhaja ta ce ma'ajiyar bayanai ta lalace, ko in sake ginawa.

Babbar asarar ita ce na kunna prune=550, wato sassabe, nod yana share tsofaffin bulo bayan ya tantance su don kada su cinye faifai. Da ina da bulon duka, da reindex-chainstate kawai zan yi ya sake lissafi daga abin da ke gida. Amma mai sassabe ba shi da abin komawa. Daga farko aka sake, data kuma sabuwa. Na kashe shi na ajiye wata biyar saboda haushi.

Wani abu da ba wanda ya faɗa mini: sassabe faifai yake ragewa, ba data ba. Giga 600 ɗin nan sai sun bi ta rautarka ko da giga 10 za ka ajiye.

Mai buɗe zance, Yelwa

Innalillahi. Alhaji wannan ta taɓa ni, don ni ma niyyata in kunna sassaben in huta. To datar fa? Lissafin da na yi, kuɗinta ya fi kuɗin kwamfutar.

Mai kafe na intanet, Fadamar Mada

Malam, nan ne nake da abin faɗa. Giga 600 ɗin da ka saya, su ne dai giga 600 da mai gyara ya saya, su ne na ɗiyarmu ta Gwallameji. Kaya iri ɗaya, gari ɗaya, kowa na biyan kuɗin mota daga Legas.

Nawa nod ɗin cikakke ne, ba sassabe, ya shekara biyu a kunne a kan sola. Ƙanena da ya so nasa, cewa na yi ya ɗauko laftof ɗinsa ya zo shago. Muka haɗa su da waya a rauta ɗaya, ya rubuta connect da lambar kwamfutata ta cikin gida a fayil ɗin saiti na bitcoin.conf, shi ke nan. Nod ɗinsa ya riƙa jan bulo daga nawa ta ƙofar 8333 kamar yadda zai ja daga wani a Jamus, ko kobo na data bai kashe ba. Kwana biyu da yini ya kammala, da sassabensa a kunne. Da ya gama muka goge layin connect ɗin, don ya koma hulɗa da sauran duniya, kada ya zama daga bakina kaɗai yake jin labari.

Ko da ni mugu ne, ba yadda zan yi in ba shi bulon ƙarya. Kowane bulo na ɗaure da na bayansa, kuma aikin haƙar da ke kansa, wato tarin lissafin kwamfuta da ake yi kafin a samar da bulo, ba ya ƙirƙiruwa a shagon kafe. Iyakar muguntata in ɓoye masa na baya-bayan nan, shi ma da ya haɗu da wasu zai gani.

Mai gyaran waya da laftof, Wunti

Ni hanyar da na bi wa wani abokina ta fi wannan sauri. Na kwafe masa babban fayil ɗin gaba ɗaya, bulo da chainstate, a faifai. Awa uku ya kunna ya ga kashi 100.

Ɗalibar injiniya, Gwallameji

Yaya, da girmanka, amma wannan ba nod ɗinsa ba ne, naka ne a ɗakinsa. Bulo ana iya aro, don manhaja za ta bincike su. Chainstate kuwa sakamakon binciken ne, in ka kwafa ba ta sake dubawa, yarda kawai take yi. Da a ce akwai kuskure a naka, ko wani ya taɓa shi ya ƙara tsabar da babu ita, abokinka zai karɓi kuɗin da sauran duniya ba ta san da su ba. In dai yarda da mutum za a yi, me ya kai mu wahalar nod, ai walat ɗin waya ya isa.

In kwafar ce dole, a kwafi fayilolin bulo kaɗai, masu suna blk, a kunna da reindex don manhaja ta sake bincikensu. Kuma daga fitowa ta 28 ta Bitcoin Core manhajar tana hargitsa fayilolin bulo da ɗan makulli mai suna xor.dat a cikin babban fayil ɗin. Na manta shi sau ɗaya, na yi tafiyar banza har Yelwa da faifai a jaka.

Mai gyaran waya da laftof, Wunti

Na karɓa ƙanwata. Amma mutumin tare muka tashi, in zan cuce shi ba sai na bi ta chainstate ba. Zan dai faɗa masa ya sake, in ya ga dama.

Tsohon ma'aikacin banki, GRA

'Ya'yana, ku bar ni in ɗan ja ku baya, don na fara wannan abu a 2014 ina aiki a Kaduna. A lokacin daga nod ɗaya tak manhaja ke jan bulo, in ka faɗa hannun mai rarrafe ka shiga uku. Har fayil ɗin bootstrap.dat mai ɗauke da tsofaffin bulo muke nema ta torrent, wata hanyar musayar fayil a intanet. Fitowa ta 0.10 a 2015 ce ta kawo a fara sauke kawunan bulo, kowanne bayit 80 kacal, a san hanya tukuna, sannan a ja gangar jikin daga wurare da yawa a lokaci guda. A 2016 aka koma tantance sa hannun ciniki da wani ɓangaren manhaja mai suna libsecp256k1, aikin su Pieter Wuille, gudun ya ninka. A 2017 aka kawo assumevalid.

A kan wannan na ƙarshe nake so ɗiyata ta sassauta wa mai gyara kaɗan. Ke ma, in ba ki rubuta assumevalid=0 ba, nod ɗinki bai duba sa hannun tsofaffin ciniki ba. Akwai wani bulo da aka rubuta lambarsa cikin manhajar, duk na ƙasa da shi ana tsallake duba sa hannunsu, amma ana lissafin kuɗin da komai. Shi ya sa za ku ga daf da ƙarshe fanka ta tashi da ihu, an wuce wannan bulon ne. Bambancin dai shi ne wannan lamba a bainar jama'a take, duk mai iya karatun manhaja zai iya ƙalubalantarta, ta mai gyara kuwa tsakaninsa da Allah ne. Ni na taɓa sa sifilin don in ga ƙarshen abin, a watan Afrilu kuwa, da zafin nan namu. Sai da na ɗora laftof a kan bulo biyu na siminti na kunna mata fankar ɗaki.

Ɗan bautar ƙasa, Gombe

Gaisuwa daga Tumfure, na leƙo ne. Ba wanda ya ambaci assumeutxo, tunanin James O'Beirne ne, kuma tun fitowa ta 28 a Oktoban 2024 yana aiki a babbar sarƙa, wato ainihin Bitcoin ba na gwaji ba. Za ka samo fayil ɗin hoton littafin tsaba kamar yadda yake a bulo na 840,000, ka loda shi da umarnin loadtxoutset. Manhaja na gwada shi da lambar da ke cikinta, in bai dace ba ta ƙi. Daga nan sai ta kamo sahu daga 840,000 zuwa yau, ka fara amfani, a bayan fage kuma tana bi tun daga bulon farko don ta tabbatar hoton gaskiya ne.

Na gwada. Washegari ina ganin sabon bulo. Amma na bayan fagen ya kusa wata, kuma datar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi da nauyin fayil ɗin. Jira yake ragewa kawai.

Mai POS, Azare

Wata ƙaramar masifa da na manta. Laftof ɗin Beljiyam da na canza, ƙaramin batirin agogonta ya mutu. Duk sanda wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma shekarun baya, nod ya tsaya cik, yana ganin bulon duniya duk daga gobe suke, tunda ba ya karɓar wanda ya wuce agogonsa da fiye da awa biyu. Kwana uku ina zagin rauta. Batirin nan ko kuɗin kwanon shinkafa bai kai ba.

Mai kafe na intanet, Fadamar Mada

Bayan an kammala kuma a kula da data. Bulo wajen 144 ne a rana, kowanne mega ɗaya da rabi zuwa biyu, wannan ba komai. Mai cin data shi ne surutun ciniki tsakanin nod da nod, da masu jan tsofaffin bulo daga wurinka. Mai rautar waya ya sa blocksonly=1, sai dai manhajar ba za ta iya ƙiyasta maka kuɗin aikawa ba. Ko ya sa maxuploadtarget ya yi wa abin da ke fita iyaka.

Mai buɗe zance, Yelwa

Allah ya saka da alheri, na samu fiye da abin da na zo nema. Na rufe manhajar yanzu, ta ɗauki minti bakwai kafin ta sauka. Gobe in sha Allahu zan biya Wunti a sa mini SSD ɗin, daga nan Asabar in kinkimo kwamfutar a Keke Napep zuwa Fadamar Mada, in Alhaji mai kafe zai ba ni kusurwa da soket.

Mai kafe na intanet, Fadamar Mada

Kawo ta bayan azahar, lokacin sola ta cika. Ka zo da wayar haɗi taka, tawa ɗaya ce kuma ɓera ya taɓa ta. Ka hure ƙurar fankar tun daga gida.