Don Allah a taimaka, fulawata na neman mutuwa

Amaryar Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata ce ta kawo mani wata fulawa daga Kaduna ranar da na tare, filodendiron sunanta, mai ganye kamar zuciya, tana yaɗo. Ita yayar tawa mun ɗan samu saɓani bayan biki kan maganar kayan ɗaki, wata biyar ba mu yi waya ba, sai yanzu ta ce za ta zo da Sallah. To ga ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa, yana zuba ɗaya bayan ɗaya, bakin na sama kuma ya ƙone. Wallahi safe da yamma nake ba ta ruwa, ban taɓa fashi ba. In ta zo ta tarar ta mutu, cewa za ta yi da gangan ne. Ya zan yi?

Hajiya Babba: Ɗiyata, fitar da ita tsakar gida ta sha rana, ki zuba mata kashin shanu. Shekara 20 ina shuka, ban ga tsiron da ke ƙin rana ba.

Malamin Gona: Hajiya, a yi mani afuwa, wannan ba zogale ba ce. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Kudu ne, irin su Burazil, a inuwar manyan itatuwa take rayuwa. Ranar Katsina ta watan Afirilu, zafi ya haura digiri 40, kwana biyu ta ishe ta. Amarya, ruwan ne ya yi yawa, saiwa ta fara ruɓewa. Ki tura yatsa cikin ƙasar, sai kin ji ta bushe ki zuba. Ƙonewar bakin ganye kuwa bushewar iska ce. Tukunyar na da huji a gindi?

Hajiya Babba: Boko dai. Tawa a rana take, ga ta nan shar.

Maman 'Yan Biyu: Ke kin ma samu ruwan ba fulawa. Mu a layinmu rabon famfo da ruwan dam ɗin Ajiwa har na manta, kullum sai 'yan garuwa, maigida kuma lissafin jarka yake kamar a banki.

Amaryar Ƙofar Marusa: Malam, ba ta da huji, ta tangaran ce mai tsada, tare suka zo. Ba zan fasa ta ba gaskiya. Kuma ruwan kofi ɗaya ne kawai, ban ga yawansa ba a wannan bushewar.

Malamin Gona: Kofi biyu kullum, safe da yamma, ba hujin da ruwan zai fita, ai rijiya kika yi mata. Ki sake mata ƙaramar roba mai huji, ƙasa da yashi da ɗan gawayi, ki yanke saiwar da ta yi baƙi, sannan ki zura robar cikin tangaran ɗin. Ki kuma yanki reshe ɗaya ƙasa da gaɓa ki sa a kwalbar ruwa, zai yi saiwa, ko uwar ta tafi kina da madadi.

'Yar Daura: Ni dai in akwai yara ki ɗaga ta sama. Dangin gwaza ce, ɗana ya taɓa taunar ganyen, leɓensa ya kumbura, yini ya yi yana dalalar da yawu. Surukata har yau tana goranta mani.

Hajiya Babba: Kada ki tumɓuke komai, tumɓukewa ke kashe shuka. Kashin shanu da rana na ce. Ita kuma yayar taki ki kira ta, ke ce ƙarama.

Amaryar Ƙofar Marusa: Hajiya ba ki san abin da ta faɗa mani ba ne. Na dai matsar da ita bakin taga, na rage ruwan yamma zuwa rabin kofi. Yau ma ganye biyu sun faɗi. Ko dai ruwan burtsatse ne bai karɓe ta ba?

Maman 'Yan Biyu: Burtsatsen wa? Nawa suke ba ku jarka?