Tambaya kan zazzabin aladu na Afirka, 'yan likitancin dabbobi ku taimaka

Dan_Runjin_Sambo: Salama alaikum jama'a. Muna da jarabawa satin nan a Danfodiyo kuma wanga abu ya daure min kai, malam ya ce p72, wato furotin din kwanson kwayar cutar, ba ta canzawa shi ya sa ake amfani da ita a gwajin PCR mai gano DNA din kwayar cutar, to kuma sai ya ce da ita anka raba kwayar cutar gida 24, yaya abin da bai canzawa zai raba jinotaif, wato gidajen nan, har 24??

Mai_Rago: Kai mi ya hada ka da alade a Sakkwato hwa? Ka koma kan tumaki.

Dan_Runjin_Sambo: Malam ai jarabawa ba ta san garinku ba, kuma bautar kasa tana iya kai mutum Binuwai ko Filato.

Anti_Likita: Kanina ba wai ba ta canzawa sam ba, kadan-kadan take canzawa. Kwayar cutar mai DNA ce babba, tsawon DNA dinta 170 zuwa 190 kb (kb daya harafin DNA dubu ne), tsakiyarta kusan iri daya a duk inda anka same ta, can bakin hagu da dama ne ake samun ragi da kari sosai wajen dangin kwayoyin gado da ake kira MGF irin su 360 da 505. To kwayar gadon p72, wato B646L, tana nan tsakiya, akwai guntun da bai motsi ko kadan, nan PCR ke kamawa don kar a rasa cutar, sannan can karshen B646L din akwai 'yan bambance-bambance, su anka jera sunka ba da 24 din. Kamar zanen Gobirawa ne, zai gaya maka gidan da mutum ya fito amma ba zai raba maka wa da kane ba, in kana son sanin ko barkewar gona kaza daga gona kaza ta zo sai ka duba wata kwayar gado, B602L, inda ake samun maimaici mai tsawo da gajarta.

Dan_Gwadabawa: Kari kan na Anti, rike wannan don malamai na son shi. Kenya anka fara bayyana cutar 1921, gadu da kaska mai laushi ke dauke da ita a daji, Yammacin Afirka da can jinotaif I anka sani, cutar ta shigo Najeriya 1997, jinotaif II kuma shi ne ya fada Jojiya 2007 ya kai Sin 2018. Samfurinmu Vom ake kai shi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Filato. Cutar ba ta kama mutum.

Dan_Runjin_Sambo: Allah ya saka Anti, B602L din a tsakiya take ita ma ko a baki?

Anti_Likita: Tsakiya take duk da tana canzawa, nan da yawa ke faduwa, ja mata layi.