Na faɗi jarabawar likitan haƙori, ya zan yi da risit, wato sake zana jarabawar?

Ummu_Haƙori:
Salam 'yan uwa. Sakamakonmu ya fito jiya, na ci komai sai kwas ɗin haƙoran roba, tiyori na wuce amma firaktikal ya kayar da ni wlh ko abinci na kasa ci, har yanzu ban faɗa ma Baba ba. Waɗanda suka taɓa risit dan Allah ya kuka yi?

Dr_Sakkwato:
Ƙanwata ki kwantar da hankalinki. Fara samun malamin da ya duba aikinki ki tambaye shi inda maki ya zube, yawanci wajen ɗaukar awon dasashi ne ko jera haƙora cizo bai hau daidai ba. Karatu ba ya gyara wannan, sai hannu, ki koma lab kullum ki zauna kusa da masu haɗa haƙoran nan, sun fi mu iya aiki da kakin da ake jera haƙoran a kai nesa ba kusa ba.

Bintu22:
Ki faɗa ma Baba yau, gara ya ji daga bakinki.

Ummu_Haƙori:
Cizon ne kuwa Dokta! Na gode, Allah ya saka. Bintu ta wajen Umma zan bi.